Tambaya da Amsa: Me Ya Haɗa Gwamnatin Amurka da Masu Tallan Gidaje a Intanet?

Wasiƙun da suka iso filin nan a wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya: shari'o'in da hukumomin Amurka ke yi da ƙungiyar dillalan gidaje da manyan shafukan tallan gida. Mun zaɓi guda bakwai, mun rage tsawon wasu.

Tambaya (daga Kaduna): Assalamu alaikum. Na ji a rediyo cewa gwamnatin Amurka ta maka kamfanonin Zillow da Redfin a kotu a kan tallan gidajen haya. Abin ya ɗaure min kai. Kamfanoni biyu sun yi ciniki da yardar juna, babu wanda aka yi wa dole. To ina ruwan gwamnati?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ruwan gwamnati shi ne mutum na ukun da ba a zauna cinikin da shi ba, amma daga aljihunsa kuɗin za su fita.

A Amurka, kamfanin da ke kula da babban bene mai gidajen haya da yawa biya yake yi a sa masa talla a shafukan da masu neman haya ke shiga. Kafin 2025 manyan masu wannan sana'a uku ne: Zillow, da CoStar mai shafin Apartments.com, sai Redfin mai Rent.com da ApartmentGuide. A watan Fabrairun 2025 Zillow ya biya Redfin dala miliyan 100. Cikin abin da suka ƙulla, duk tallan gine-gine masu gidajen haya 25 zuwa sama da za a riƙa gani a shafukan Redfin, daga Zillow kaɗai zai fito. Ranar 30 ga Satumban 2025 hukumar kula da gasar kasuwanci ta tarayya, wato FTC, ta shigar da ƙara a kotun tarayya da ke jihar Virginia. Zargin da ta yi shi ne Redfin ya soke kwangilolinsa da masu ba shi talla, ya taimaka aka karkata su zuwa Zillow, ya sallami ɗaruruwan ma'aikata, ya kuma amince ya kauce wa sana'ar na tsawon da zai iya kai shekara 9. Kashegari jihohi biyar suka shigar da tasu ƙarar: New York, Virginia, Arizona, Connecticut da Washington.

Ka ɗauka masu sayar da hatsi uku ne kawai a kasuwar garinku. Sai ɗaya ya ba wa na biyu kuɗi ya ce, "Bar shagonka a buɗe, kada ka cire allon sunanka, amma daga yau buhunana za ka jera, farashina za ka faɗa." Mai wucewa zai ƙirga shaguna uku. Wanda ya zo awo zai tarar biyu ne, domin barazanar "bari in leƙa wajen wancan" ta rage kaifi. Haka mai bene yake: da yana iya ce wa Zillow ya rage masa kuɗin talla ko ya koma Redfin. Idan kuɗin talla ya hau, ba mai bene ke haɗiye shi ba, a kan kuɗin haya yake sauka.

Akwai kuma tarihin da ya sa hukumar ta ji zafin abin. Shafukan nan biyu na Redfin asalinsu na wani kamfani ne mai suna RentPath. A 2020 CoStar ya so ya saye shi a kan kusan dala miliyan 588, FTC ta shiga kotu ta ce hakan zai rage gasa, cinikin ya rushe a watan Disamba. A 2021 Redfin ya saye shi a kan dala miliyan 608, aka ci gaba da zama da manya uku. Yanzu, a ganin hukumar, na ukun da ta yi faɗa ya tsira ya ajiye makami an biya shi. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Dokokin da ake aiki da su tsofaffi ne. Dokar Sherman ta 1890 ta haramta haɗa baki don daƙile ciniki, dokar Clayton ta 1914 kuma ta hana saye ko haɗewar da za ta rage gasa sosai. Kamfanonin biyu sun musanta zargin. Zillow ya ce yarjejeniyar ta sa masu neman haya na ganin gidaje da yawa a shafuka da yawa, Redfin kuma ya ce abin da sashen ke kawowa ba ya ɗaukar ɗawainiyar ma'aikatansa na talla. Hujja ce da ba a raina ta ba. Sai dai mu a nan muna ganin tambayar da ta fi nauyi ita ce: in don amfanin masu haya ne kawai, me ya kawo sharaɗin kada Redfin ya dawo na tsawon shekaru?

Tambaya (daga Zinder): Duk labarin da na karanta a kan wannan batu sai na ga an ambaci MLS. Mene ne shi, kuma me ya sa kullum a kansa ake rigima?

Amsa: MLS rumbun bayanai ne na haɗin gwiwa da dillalan gidaje na yanki guda suke zuba gidajen da aka ba su su sayar. Ba guda ɗaya ba ne a duk ƙasar. Akwai ɗaruruwa, kowanne da yankinsa, kuma galibinsu mallakar rassan ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa ce, wato NAR, mai mambobi kusan miliyan ɗaya da rabi. Dokokin da NAR ta shimfiɗa su waɗannan rumbuna ke bi.

Idan mai gida ya sa hannu da dillali, dillalin zai shigar da adireshi, farashi, yawan ɗakuna da banɗaki, faɗin gida da na fili, shekarar da aka gina shi, harajin da ake biya, hotuna, da ranar da ya shiga kasuwa. Kowane sauyi sai an rubuta: an rage farashi, an yi tayi an karɓa, an sayar a kan kaza. Akwai kuma sashen da dillalai kaɗai ke gani, kamar yadda za a buɗe akwatin mukullin da ke rataye a ƙofa. Daga wannan rumbu bayanai ke kwarara zuwa shafukan dillalai da manyan shafuka irin su Realtor.com, Zillow da Redfin. Gidan da kake gani a waya, mafi yawan lokaci daga nan ya taso.

Amfaninsa ba ƙarami ba ne. Ƙaramin dillali mai ofis ɗaki ɗaya yana ganin abin da babban kamfani ke gani, mai gida kuma da shigarwa ɗaya gidansa ya kai ga idon kowa. Hukumomin ma ba su taɓa cewa a rushe shi ba. Matsalar ita ce abokan hamayya ne suka haɗu suka mallaki hanyar da babu wanda zai iya sana'ar ba tare da ita ba. Waɗanda suka daɗe a sana'ar su ke zama a kwamitin da ke rubuta dokar shiga da fita. Duk ranar da wani ya zo da sabuwar dabara mai rahusa, masu riƙe da mukullin rumbu su ne waɗanda dabarar za ta rage wa samu. Daga nan kusan duk shari'o'in suka samo asali.

Tambaya (daga wani ɗalibin shari'a a Zariya): Malamai, wace ce shari'ar farko da ta shafi intanet kai tsaye, kuma me aka yanke?

Amsa: Wadda ta fi shahara ita ce ta watan Satumban 2005, lokacin da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta kai NAR ƙara a kotun tarayya da ke Chicago.

Kafin intanet, mai neman gida zai je ofishin dillali ya faɗi abin da yake so. Dillali ya bincika rumbu, ya buga masa takardu ko ya aika ta fas ko wasiƙa. Sai wasu dillalai suka buɗe abin da za a kira ofishin intanet: mutum ya yi rajista, ya amince da sharuɗɗa, a ba shi kalmar sirri, ya shiga ya yi ta bincike da kansa ko da tsakar dare ne. Aikin da dillali ke kwana yana yi ya koma hannun mai saye. Dillali ɗaya ya iya kula da mutane da yawa, har wasu suka fara mayar wa mai saye wani kaso na la'adarsu.

A 2003 NAR ta fitar da doka a kan irin waɗannan shafuka. Abin da ya fi jawo magana a ciki shi ne damar da aka ba kowane dillali ya ce gidajensa kada su fito a shafin abokin hamayya, ko dai ya ware wani takamaimai ko ya hana kowa. Ka lura da inda gizo ke saƙar. Ba a ba shi damar hana dillalin gargajiya buga gidan a takarda ya miƙa wa mai saye ba. Gida ɗaya, mai saye ɗaya, bayani ɗaya: ta takarda halal, ta allon kwamfuta sai da izini. A garin da kamfani ɗaya ko biyu ke riƙe da kaso mai tsoka na gidajen kasuwa, in suka janye nasu, shafin mai rahusa ya zama kango. Wa zai zauna da dillalin da ba ya iya nuna masa rabin gidajen unguwa?

Ranar da aka shigar da ƙarar NAR ta sanar da dokar da ta yi wa kwaskwarima, ta cire damar ware mutum ɗaya amma ta bar damar hana kowa. Ma'aikatar ta ce ba ta sauya zane ba, ta gyara takardar ƙararta ta ci gaba. A watan Mayun 2008 aka sasanta kafin a kai ga sauraron shaidu, kotu ta tabbatar a watan Nuwamba. NAR ba ta amsa laifi ba, ba ta biya tara ba, amma ta soke dokar, ta kuma amince cewa duk bayanin da dillali zai iya bai wa abokin cinikinsa ta hannu, yana iya ba shi ta intanet. Wa'adin hukuncin shekara 10 ne, ya ƙare a 2018.

Tunda kai ɗalibin shari'a ne, ka riƙe wannan: ba a zargi NAR da ƙayyade farashi a wannan ƙara ba. An zarge ta da kafa dokar da ta toshe wa masu rage farashi hanya. A dokar gasa wannan ma haɗa baki ne, domin shawarar ƙungiya shawarar mambobinta ce, su kuma abokan hamayyar juna ne.

A shekarar 2005 ɗin dai Ma'aikatar ta kai hukumar kula da dillalan gidaje ta jihar Kentucky ƙara saboda ta hana mayar wa mai saye wani abu daga la'ada, hukumar ta janye hanin. Har yau akwai jihohi ƙalilan da dokarsu ta hana hakan.

Tambaya (daga Kumasi): An ce har a kan yadda aka saita akwatin bincike an taɓa yin shari'a. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, Alhaji, kuma ita ce shari'ar da ta fi nuna yadda ƙaramin abu ke kashe kasuwa. Sunan rumbun Realcomp, a yankin Detroit na jihar Michigan.

Akwai kwangila iri biyu tsakanin mai gida da dillali. A ta farko, ko wa ya kawo mai saye, ko da mai gidan ne da kansa, sai an biya dillali cikakkiyar la'ada. A ta biyu, in mai gida ya samo mai saye da kansa, ba ya biyan la'adar. Dillalai masu rahusa, waɗanda ke karɓar ƙayyadadden kuɗi kaɗan don su shigar da gida rumbu kawai, da ta biyun suke aiki. Realcomp bai hana su shiga ba. Abu biyu ya yi. Ya hana a tura irin waɗannan gidaje zuwa shafukan da jama'a ke gani, har da Realtor.com. Sannan ya saita binciken cikin rumbu ta yadda ba za su fito ba sai dillali ya je da kansa ya danna wani akwati. Dillalin da ke gaggawa, wayarsa na ƙara, mai saye na jira a mota, ba zai tuna da akwatin ba. Gidan yana cikin rumbu a rubuce, a aikace kuwa kamar babu shi.

FTC ta shigar da ƙara a 2006. Alƙalin hukumar da ya fara saurare ya kori ƙarar a 2007, kwamishinonin hukumar suka juya hukuncinsa a 2009, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta goyi bayansu a 2011. Wasu rumbunan masu irin wannan doka, kamar na Austin a jihar Texas, tun 2006 suka sasanta ba tare da jayayya ba.

Tambaya (daga wata 'yar'uwa a Columbus, jihar Ohio): Ni da maigidana muna neman gidan saye. Dillaliyar da muka samu ta ce ba za ta nuna mana ko gida ɗaya ba sai mun sa hannu a wata takarda da ta ce za mu biya ta kashi 3 cikin 100. 'Yan'uwanmu da suka saya shekarun baya sun ce su ba su biya kowa ba. Ko cutarmu za a yi?

Amsa: Hajiya, takardar gaskiya ce, adadin da ke cikinta kuma abin ciniki ne. 'Yan'uwanku ma sun biya, ba su dai ga lokacin da kuɗin suka fita ba.

Tsohon tsari shi ne mai gida ya amince da la'ada, galibi kashi 5 zuwa 6 cikin 100, dillalinsa kuma ya rubuta a rumbu nawa zai yanka wa duk dillalin da ya kawo mai saye. Dokar NAR ta wajabta rubuta wannan tayi. A gidan dala 400,000, kashi 6 ya kama dala 24,000, kowane ɓangare 12,000. Mai saye yana ganin kyauta ake masa aiki, alhali cikin kuɗin gidan da ya ciwo bashi ya biya aka cire. Illar ita ce dillalin mai saye na ganin tayin kowane gida, shi mai saye ba ya gani. Gida biyu masu kama da juna, ɗaya ya rubuta kashi 3, ɗaya kashi 1, ba sai an faɗa muku wanda za a fara kai ku ba. Mai gida ya san haka, shi ya sa ba ya kuskura ya rage.

Ma'aikatar Shari'a ta taɓo batun a Nuwamban 2020. Ta cimma sulhu da NAR a kan a bayyana wa mai saye la'adar dillalinsa, a daina cewa aikin kyauta ne, a daina tace gidaje bisa yawan la'ada, a kuma bar dillalai masu lasisi da ba mambobi ba su buɗe akwatin mukulli. A Yulin 2021 ta janye daga sulhun don ta faɗaɗa bincike, NAR ta kai ta kotu, a Afrilun 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke birnin Washington DC ta ce tana da ikon ci gaba. Amma bugun da ya sauya tsarin daga masu gidaje ya fito. Ranar 31 ga Oktoban 2023, a Kansas City ta jihar Missouri, masu taimaka wa alƙali suka yanke diyyar kusan dala biliyan 1.8 a kan NAR da wasu manyan kamfanonin dillanci, kuma dokar gasa ta ba da damar ninka irin wannan diyya sau uku. A Maris 2024 NAR ta amince ta biya dala miliyan 418 ta kuma sauya dokoki. Daga 17 ga Agustan 2024 an cire tayin la'ada daga rumbu, kuma dole dillalin mai saye ya sami rubutacciyar yarjejeniya kafin ya zagaya da shi gida.

To kafin ku sa hannu, ku zauna da takardar a gida, ba a bakin ƙofar gidan da za a nuna muku ba. Ku fara da adadin. Dole ya zama takamaimai: kashi kaza, ko dala kaza, ko kuɗin awa. Ba a yarda a rubuta "duk abin da mai gida ya bayar" ba. Babu dokar da ta ce kashi 3, kuma takardar kanta ya kamata ta faɗi cewa la'ada abin sasantawa ce. Kuna iya tayin kashi 2, ko dunƙulallen kuɗi. Abin da kuka rubuta shi ne iyakar abin da za ta karɓa daga kowace kafa, ko da mai gida ya yi tayin fiye da haka.

Sai wa'adi. Nan mutane suka fi faɗawa rami. Wasu takardun na ɗaure mutum wata 6 ko shekara, a duk faɗin jiha, ba tare da hanyar fita ba. Ku nemi gajere, na kwana 30 misali, ko na gidajen da za a gani ranar kaɗai, har ku ga kamun ludayinta. Ku duba sakin layin da ke cewa in kun sayi gidan da ta taɓa nuna muku bayan wa'adi ya ƙare za ku biya ta: kwana nawa ne, kuma a rubuta jerin gidajen. Kada ku sa hannu da dillalai biyu a kan yanki ɗaya in kowace takarda ta ce ita kaɗai ce wakiliyarku, don kuna iya wayar gari da la'ada biyu a wuya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Abu na uku, wa zai biya. Har yanzu mai gida na iya ɗaukar la'adar dillaliyarku, rubuta tayin a rumbu kawai aka hana. Lokacin da za ku miƙa tayin saye, ku sa a ciki cewa mai gida ya biya kaza. In kun rubuta mata kashi 3 shi kuma ya yarda da 2, ragowar kashi 1, wato dala 4,000 a misalinmu, daga aljihunku zai fito ranar rufe ciniki, a kan kuɗin kafin alƙalami da kuka riga kuka tara. Ku tambayi mai ba ku bashi tun wuri yadda zai lissafa shi.

Ƙarin abu biyu. Ranar da aka buɗe gida don kowa ya shiga ya gani, kuna iya zuwa da kanku ba tare da sa hannu a yarjejeniyar wakilci ba. Sannan maɓallin "tuntuɓi dillali" da ke kan manyan shafuka sau da yawa ba wajen dillalin gidan yake kai ku ba, wajen wanda ya biya shafin kuɗi don a turo masa masu saye yake kai ku. Sunan dillalin gidan na nan a rubuce, yawanci da ƙananan baƙaƙe a ƙasa.

Tambaya (daga wani dillalin gidaje a Kano): Ni dillali ne shekara da shekaru. Ina ganin ana zaluntar 'yan'uwanmu na can. Mutum ya sha rana ya samo gida, ya lallashi mai shi, ya ɗauki hoto da kuɗinsa, sai a ce dole ya zuba a rumbu wani da ke zaune gaban kwamfuta ya ci da guminsa? Kuma ina sirrin mai gida?

Amsa: Alhaji, maganarka na da ƙamshin gaskiya, kuma ita ce hujjar da ƙungiyoyin dillalai suka riƙa kafawa a kotu. Wahalar samo gida wahala ce. Amma ka duba abu biyu. Na farko, wanda ya shiga rumbu ba zubawa kawai yake ba, yana ɗiba. Da gidajen wasu yake samun masu saye. Ba zai yiwu ya ɗebi na kowa sannan ya zaɓi wanda zai hana nasa, kuma wanda ya zaɓa ɗin ya zama mai karya farashi ba. Na biyu, gidan na mai gida ne, kuma abin da ya ɗauki dillali ya yi masa shi ne ya kai gidan ga idanu mafi yawa. Dillalin da ya ɓoye gida daga wani shafi don ya kare la'adarsa, da dukiyar wanda ya amince masa yake kare ta.

Batun sirri an gwada shi a Kanada. A 2011 hukumar gasa ta ƙasar ta kai ƙungiyar dillalan Toronto ƙara saboda ta hana nuna farashin da aka sayar da gidaje a shafukan intanet masu kalmar sirri, alhali dillali na iya faɗa wa abokin cinikinsa da baki ko ya aika masa a rubuce. Ƙungiyar ta ce sirrin jama'a take karewa. Kotun gasa ta ƙi wannan hujja a 2016, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2017, a Agustan 2018 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙungiyar. Abin da dubban dillalai ke rabawa kullum, da wuya a kira shi sirri ranar da ya hau intanet kaɗai. Farashin da aka sayar da gidan maƙwabta kuwa shi ne ma'aunin da mai saye ke gane ko an tsuga masa.

Inda muke tare da kai shi ne mai gidan da ke da dalilin kansa na ƙin talla, kamar mai tsoron tsaro ko wanda ke cikin rabon gado. Dokar NAR da ta fara aiki a 2020 ta ce duk gidan da aka tallata wa jama'a sai an shigar da shi rumbu cikin ranar aiki ɗaya, amma ta bar ƙofa ga wanda ya ce a riƙe nasa cikin ofis ba talla. Ita ma wannan doka ana ta jayayya a kanta. Wasu na cewa tana hana manyan kamfanoni ɓoye gidaje don mutanensu, wasu na cewa tana tilasta wa kowa bin rumbu ɗaya. A 2025 Zillow ya kafa makamanciyarta a shafinsa, kamfanin dillanci na Compass ya kai shi kotu a watan Yuni.

Tambaya (daga Abuja): Mu a Najeriya akwai dokar da za ta yi irin wannan aiki? Dillalai sun haɗa kai sun ce kashi 10 ne, ba ragi.

Amsa: Akwai. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC da kotun musamman mai sauraron ƙararrakin gasa. Dokar ta haramta yarjejeniyar ƙayyade farashi tsakanin masu sana'a ɗaya, da raba kasuwa, da amfani da ƙarfin babakere don danne wasu. Hukumar ta nuna hannunta na kai wa ga kamfanonin intanet, domin a Yulin 2024 ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220.

Sai dai a bambance. In kowane dillali da kansa ya ga kashi 10 ne al'ada ya nema, wannan ba haɗa baki ba ne, kuma kana da damar tayawa. In ƙungiya ce ta zauna ta yanke adadi, ta ce duk wanda ya karɓi ƙasa da haka za a ci shi tara ko a daina hulɗa da shi, to an shiga hurumin dokar. Mai son kai koke sai ya tafi da abin riƙewa: takardar sanarwar ƙungiya, saƙon WhatsApp da ke ɗauke da umarnin, rasiɗin la'adar da ya biya, kwanan wata da unguwa.

Ciwonmu kuma ba irin nasu ba ne. Su rumbu ɗaya ne ake faɗa a kan mukullinsa, mu babu rumbun gaba ɗaya. Shafuka irin su PropertyPro, Nigeria Property Centre da Jiji allon talla ne, kowa na liƙa nasa. Shi ya sa za ka ga gida ɗaya da farashi uku a hannun dillalai biyar, kowanne ya ɗora nasa, ko a karɓi kuɗin dubawa a kan gidan da aka bayar tun watan jiya. Kafin ka biya ko sisi, ka tambayi dillalin ko shi mai gida ya ba wa kai tsaye, ka nemi a haɗa ka da mai gidan ko lauyansa, a rubuta la'ada da wanda zai biya ta. In saye ne, ka karɓi lambar takardar mallaka ka kai ofishin filaye a bincika, AGIS a Abuja, KANGIS a Kano, a ga sunan wa ke kai da ko an jinginar da gidan a banki.